Horon tattara hankali na jami'o'in Turai: zai amfani limamanmu da masu jinya?

Malamar Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cina, kuma na san a zauren nan akwai malaman addini, akwai ma'aikatan asibiti, akwai malaman makaranta irina. Wata uku ke nan da na gama wani kwas na mako takwas ta intanet, wanda wata jami'a a Ingila take gudanarwa, kan abin da suke kira maindifulnes. Horo ne na koyon riƙe hankali a kan abin da yake faruwa yanzu-yanzu a jikinka da zuciyarka, ba tare da ka yi gaggawar yanke masa hukunci ba. Za ka zauna ka bi numfashinka yana shiga yana fita. In tunani ya sace ka, ka farga ya sace ka, ka dawo. Ranar farko cewa aka yi kowa ya ɗauko ƙwayar zabibi ɗaya, ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali. Ni dabino na samu a gida, da shi na yi.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne wata ɗaliba da ta zo ofishina kwanan baya. 'Yan bindiga sun ɗauke mahaifinta a hanyar ƙauyensu, can gabashin jiha. Da a da ne, kafin ta rufe baki na fara "ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a, jarrabawa ce." Wannan karon sai na ji ƙirjina ya ɗaure, harshena yana ƙaiƙayin magana, kuma na gane kaina nake son in kuɓutar daga nauyin kukanta. Na yi shiru. Ta yi kusan rabin awa tana magana, tana murza bakin hijabinta. Sai can ƙarshe ainihin abin ya fito: kwana tara ba ta yi barcin kirki ba, kuma tana jin ƙarar waya ko da wayar a kashe take. Ranar na haɗa ta da likita. Addu'ar ma mun yi, amma bayan na ji ta.

Tambayata: ya dace mu shirya irin wannan horon ga limamai, da malamai mata na Islamiyya, da masu jinya a nan Sakkwato? Don su ne mutane suke fara kai wa kukansu.

Liman na Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah shi saka da alheri da kinka kawo maganar ga fili, kuma Allah shi kuɓutar da mahaifin yarinyar ga. Amma ni ban gamsu ba. Wanga abu ba daga addinin Buddha yat taho ba? Mu da Allah yab ba salla biyar, da zikiri, da karatun Alƙur'ani, kuma yac ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa, mi za mu nema ga ƙwayar zabibi? Ina tsoron shigo-shigo ba zurfi. Yau numfashi, gobe a ce mu naɗe ƙafa mu rufe ido mu kira wani abin da ba mu sani ba. Ni ba ni kai almajiraina wurin da ban san tushensa ba.

Ɗan Mabera:
Gaskiya Malam ya faɗi abin da ke raina. Komai Turawa suka kawo sai mu rungume.

Daktan Gawon Nama:
Allah ya gafarta Malam, maganarka a kan tushe gaskiya ce, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Kalmar da suka fassara zuwa Turanci ita ce sati, daga harshen Pali na littattafan mabiya Buddha. Wanda ya shigar da abin asibiti sunansa Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu ne da ya koyi zuzzurfan tunani a wurin malaman Buddha. A 1979 ya buɗe wani sashe na rage damuwa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masacusets, a garin Wusta na Amurka. Masu ciwo mai daɗewa aka riƙa tura masa, irin waɗanda likitoci sun yi iya yinsu amma zafin bai tafi ba. Ya cire ibada da aƙida, ya bar horon hankali kaɗai, ya tsara shi mako takwas: zama ɗaya a mako na kusan awa biyu da rabi, da aikin gida na minti 45 kullum. Shi ne ake kira MBSR a taƙaice, wato rage damuwa ta hanyar maindifulnes.

Daga baya wasu masana uku, Segal da Williams da Teasdale, suka haɗa shi da hanyar gyaran tunani ta likitocin ƙwaƙwalwa, domin masu ciwon damuwa da yake tafiya yana dawowa. A 2004 hukumar da take tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta amince a riƙa ba da shi ga wanda ciwon ya kayar sau uku ko fiye. Jami'ar Bango a Wels ta kafa cibiyarta a 2001, har digiri na biyu ake yi a kai, Okusfod ma ta kafa tata a 2008.

To ya aikinsa yake? A 2015 an fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila da mutum 424 masu irin wannan ciwon. Rabi suka ci gaba da shan ƙwayoyinsu, rabi suka yi horon aka taimaka musu su rage ko su daina ƙwayar. Cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na masu horon, da kashi 47 na masu ƙwaya. Ka ga kusan kunnen doki. A Jami'ar Kambirij an gwada da ɗalibai 616, aka ga waɗanda suka yi horon sun fi samun sauƙin damuwa a lokacin jarrabawa. Amma ga ɗaya gefen: a 2022 aka fitar da babban gwajin da aka yi a makarantun sakandare 84 da yara sama da 8,000, kuma horon bai fi darasin da aka saba koyarwa amfani ba. Yawancin yaran ma ba su yi aikin gidan ba. Ni abin da na ɗauka shi ne, yana yi wa babba wanda ya zo da ƙafarsa yana so. Wanda aka ɗora wa dole, ba ya tsinana masa komai.

Nas ɗin Dare:
Dakta, wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce tawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bara a wurin aikinmu aka tara mu yini guda, aka kawo wani ya koya mana numfashi, aka raba lemo da fanke, aka ɗauki hoto. Daren ranar ni da abokiyar aikina mu biyu muka kwana a kan ɗakin da ya cika har ƙasa, wutar lantarki ta ɗauke, da fitilar waya a baki na sa wa wani yaro allurar ƙarin ruwa, uwarsa tana riƙe da hannunsa tana kuka. Wane numfashi ne zai ƙara mana ma'aikata? Wane ne zai kawo safar hannu? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta a 2019 ta ce wannan gajiyar da take kashe zuciyar ma'aikaci daga yanayin wurin aiki take tasowa. Idan aka ce mini in koyi natsuwa alhali an bar ni da aikin mutum biyar, an mayar da laifin kaina ke nan.

Ba na ce ba shi da amfani ba. Akwai abu ɗaya da na riƙe: kafin in shiga gaya wa dangi cewa rai ya yi halinsa, nakan tsaya a bakin ƙofa, in ji tafin ƙafata a ƙasa, in ja numfashi uku, in yi bismilla. Muryata takan fita daidai, ba na jefa musu maganar in gudu. Amma don Allah Malama, in za ku shirya, kada ku bari shugabanni su fake da shi.

Malamar Arkilla:
Yaya Nas, na ji ki, kuma ban da abin cewa sai Allah ya saka muku. Ba zan yarda a sa sunana a taron hoto ba.

Fasto daga Tsohon Filin Jirgi:
Salama gare ku duka. Ni baƙo ne a yawancin muhawarorin zauren nan, amma wannan ta taɓa aikina. A wajenmu ma akwai masu tsoron da Malam ya faɗa, har wasu sukan ce wanda ya bar zuciyarsa babu komai ya buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ina girmama wannan tsoron. Abin da zan ƙara shi ne wani tarihi. A 1925, a wannan garin na Wusta da Dakta ya ambata, wani fasto mai suna Anton Boisen ya fara kai ɗaliban tauhidi asibitin masu taɓin hankali su zauna da majinyata. Shi kansa an taɓa kwantar da shi a irin wannan asibitin, ya san yadda ake ji idan mai wa'azi ya zo ya yi maganarsa ya tafi bai tambaye ka komai ba. Ya ce su koyi karanta mutum kamar yadda suke karanta littafi. Daga nan aka samu horon limaman asibiti da ake yi har yau a Amurka, kuma yanzu limamai Musulmi ma suna shiga. Babban darasinsa shi ne ka san abin da yake motsi a cikinka lokacin da kake gaban mai wahala.

Ni na sha zuwa gidan makoki in cika ɗakin da ayoyi saboda shirun ya fi ƙarfina. Wata gwauruwa ta taɓa ce mini, "Fasto, ka zauna kawai." Tun ranar nake koyon zama. Idan wannan horon zai koya wa mai hidima zama, ina so in ji ƙarin bayani.

Baba na Hubbare:
Ku yi mini haƙuri, tsoho ba shi da saurin rubutu, jikana ke taya ni. Na karanta duk abin da kunka rubuta. Ɗiyata Malama, abin da kika ji ranar da yarinyar ga taz zo, da kika farga da ƙirjinki da harshenki, malamanmu suna da suna gare shi tun da daɗewa. Muraƙaba da muhasaba, wato sa wa zuciya ido da yi wa kai hisabi. Akwai malami a Bagadaza, Harisu al-Muhasibi, ya rasu shekara ta 243 bayan hijira, laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya samo shi. Sun yi bayanin yadda tunani ke faɗowa zuciya, in ba ka farga ba ya zama sha'awa, sha'awa ta zama niyya, niyya ta zama aiki. Mai tsaron ƙofar zuciya tun ga faɗowar farko yake kama shi. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu mai yawa kan gyaran zuciya, kuma a garin ga anka karantar da shi.

Amma akwai bambanci, kada a rufe shi. Na Turawa yana cewa ka lura da kanka. Namu yana cewa ka lura da kanka domin Allah yana ganinka, kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu kan ihsani. Su suna neman sauƙin rai, mu muna neman yardar Ubangiji, sauƙin rai ya biyo baya in Ya so. Wanda ya haɗa su ya ce abu guda ne bai yi wa kowanne adalci ba.

Abin da ke ba ni baƙin ciki, mun bar namu a cikin littafi. Yaro zai haddace babin hushu'i, amma ba wanda ya zaunar da shi mako takwas yana tambayarsa kullum, yau da ka kabbarta ina hankalinka ya tafi, yaya ka dawo da shi? Su sun ɗauki nasu sun yi masa tsari da lokaci da gwaji. Wannan tsarin shi nake ganin za mu iya koya.

Ɗan Mabera:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. To in muna da namu, me ya sa ba za a koyar da namu kawai ba a bar nasu?

Daktan Gawon Nama:
Saboda namu ba a gwada shi a asibiti yadda aka gwada nasu ba, Ɗan Mabera, kuma wannan aiki ne da yake jiran jami'o'inmu. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, tana da masana addinin Musulunci, tana da asibitin koyarwa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Duk kayan aikin suna jiha ɗaya. Ba sabon abu ba ne a tarihinmu: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya kwashe rayuwarsa yana kiran Musulmi su gina ilimin halayyar ɗan Adam a kan irin wannan gadon.

Ɗalibi daga Gabas:
Ina neman afuwa, ni ƙarami ne a nan, amma akwai abin da ba a faɗa ba. Ni na gwada, da wata manhaja a waya. An kai hari garinmu shekara biyu da suka wuce ina gida. Duk lokacin da muryar ta ce in rufe ido in bi numfashina, sai in koma cikin rumbun da muka ɓuya, in ji numfashin ƙanena a wuyana, in ji ƙarar babura. Zuciyata ta riƙa bugawa har na ɗauka mutuwa zan yi. Sau uku na gwada na bari. Na daɗe ina zargin kaina cewa ni ne ban iya ba.

Daktan Gawon Nama:
Ƙanena, ba laifinka ba ne ko kaɗan, kuma ka yi daidai da ka bari. Abin da ka faɗa sananne ne. Akwai masu bincike a Jami'ar Burawun ta Amurka, ƙarƙashin Willoughby Britton, da suka daɗe suna tattara illolin da zuzzurfan tunani yake jawo wa wasu, kuma dawowar hoton abin firgici yana cikinsu. Wanda ya ga tashin hankali, shiru da rufe ido sukan buɗe masa ƙofar da bai shirya shiga ba. Irinka ido a buɗe ake farawa, da tafiya, ko riƙe wani abu mai sanyi a hannu, kuma tare da wanda ya san aikin. Ka yi mini magana ta akwatin sirri yau, akwai maganin da ya dace da wannan kuma ana samun sauƙi.

Malama, wannan shi ne babban sharaɗina. A jihar da dubban mutane suka baro gidajensu daga wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, ba za a ba liman ko malamar Islamiyya horon mako takwas a ce ya je ya riƙa sa 'yan gudun hijira rufe ido ba. Horon na shi mai sauraron ne, don ya iya riƙe kansa. Sannan a koya masa alamomin da in ya gani zai tura mutum asibiti: rashin barci na kwanaki, ƙin cin abinci, jin muryoyi, maganar kashe kai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Amma likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, kuma kafin mutum ya iso gare mu ya riga ya bi ta zauren malam.

Liman na Gidan Igwai:
Yaro, Allah shi yaye maka, shi jiƙan waɗanda kunka rasa. Maganarka ta sa na kasa tashi daga inda nike.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗi ba. Shekarun baya wani magidanci ya riƙa tsayawa bayan sallar asuba, sai kowa ya watse ya matso ya ce, Malam, zuciyata ba ta yi mini daɗi. Nakan ba shi addu'o'i, in ce ya yawaita istigfari, in duba agogo don ina da darasi. Ya zo haka ya fi sau biyar. Ban taɓa ce masa zauna ka gaya mini ba. Daga baya iyalinsa sunka same shi cikin wani hali da ba zan bayyana ba, Allah ya sa an kai shi asibiti da sauran kwana. Da na je dubiya ya riƙe hannuna ya ce, Malam, na so in gaya maka. Har yau in na tuna sai in ji nauyi. Kuma na san ya zo a siffar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa in zai juya ga mutum da dukkan jikinsa yake juyawa. Na karantar da wannan sau da yawa, ranar ban aikata shi ba.

Duk da haka ban janye maganata ta farko ba. Ba zan zauna a koya mini abin da anka ciro daga bautar wani addini ba, ko an wanke shi. Amma in Baba zai ɗauki gefen muraƙaba daga littattafanmu, Dakta ya ɗauki gefen alamomin ciwo da yadda ake sauraro, to ni ne na farko a layi, kuma zan taho da limamai huɗu na unguwarmu.

Malamar Arkilla:
Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan amanar. Ni dai ban ga bautar kowa a cikin abin da na yi ba, numfashin da Allah ya ba ni na bi, kuma sallata ta ƙaru da shi. Amma ba sai mun daidaita a kan wannan ba kafin mu fara. Ina roƙon a sa mata a ciki tun daga tushe. Matan da ke cikin gida ba liman suke kai wa kuka ba, malamar Islamiyya da ungozoma suke samu. A garin da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba mu da uzurin mantawa da su.

Fasto daga Tsohon Filin Jirgi:
Gefen muraƙaba naku ne, mu ma muna da namu na yin shiru gaban Ubangiji. Amma zaman Dakta na alamomin ciwo, in an yarda, zan zo da mutum biyu daga cikin masu ziyarar asibiti na ikilisiyarmu.

Nas ɗin Dare:
In za a yi, kada a sa shi da safe ranar aiki, masu fitowa daga aikin dare barci muke yi. Asabar bayan la'asar ta fi. Kuma Dakta, a ware zama ɗaya a kan yadda ake gaya wa dangi rasuwa, don ba a taɓa koya mana shi a makaranta ba.

Baba na Hubbare:
Asabar ta yi mini. Jikana zai kawo ni. Malama, ki turo wa yaron ga jerin abin da anka koya muku mako-mako, in duba in ga wane babi namu ya yi daidai da wane, da inda ba su haɗu ba.